Ɗan dillalin shanu yana son karatun namun daji, me kuka gani?

Ɗalibin Dang: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Dan Allah shawara nake nema kuma a faɗa min gaskiya komai ɗacinta. Ina shekarar ƙarshe ta lisans, wato digirin farko, a fannin halittun dabbobi a jami'ar Ngaundere da ke Dang a Kamaru, in Allah ya yarda bana zan gama. Abin da raina ya kwanta da shi shi ne karatun namun daji da kula da gandun daji, ko in yi masta ko in nemi shiga makarantar namun daji ta Garwa. Toh matsalar Baba dillalin shanu ne, duk abokan hulɗarsa makiyaya ne, ya ce wai so nake in sa kaki in riƙa kama shanun mutanen da da kuɗinsu ya biya min makaranta. Shi ya fi so in yi konkur, wato jarrabawar gasar shiga makarantar koyarwa a Marwa, in zama malamin lise, wato sakandare. Bai hana ni ba amma na ga ransa bai so, ni kuma ba na son in yi abin da ba albarkarsa a ciki.

Kawu Direba: Wa alaikumus salam. Ɗana ka bi maganar mahaifinka kawai. Malanta aiki ne na mutunci, ka kwana a gidanka ka tashi a gidanka. Daji kuma fa? ba ruwa ba wuta ba rezo na waya, ga tsando ga 'yan bindiga

Hajiya Mai Atamfa: Nima abin da na gani kenan. Wannan ai karatun Turawa ne, su suke zuwa kallon giwa su ɗau hoto su koma. Mu da muke neman na tuwo ina ruwanmu da zaki

Manomin Kaele: Ku bari in yi magana don ni abin ya shafa kai tsaye. Ɗana kai a littafi ka san giwa, ni a gonata na santa. Masakwa ce, dawar rani, muka dasa a karal, ƙasar laka mai riƙe danshi, bayan ruwa ya janye, kowa ya san wahalar dashen masakwa, ka haƙa rami ɗaya ɗaya da sanda ka zuba ruwa ka sa dashe, rana na dukanka, haka har ta fitar da kai ta fara nuna. Dare ɗaya garke ya ratso, da safe abin da na tarar kara ne a kwance da sawu kamar turmi, wanda ba su ci ba sun tattake. Mun buga gwangwani mun kunna wuta, ko a jikinsu. Aka zo aka auna gona aka rubuta sunayenmu a takarda aka tafi, har yau shiru. Amma da a ce ɗayanmu ya harbi giwa ɗaya da kafin azahar mota ta iso. Toh ka faɗa min, in ka gama karatun nan ɓangaren wa zaka tsaya, nawa ko na giwa?

Ɗalibin Dang: Baba Allah ya mayar maka da alheri, wlh abin da ka faɗa ya taɓa ni. Kuma irin wannan ne ma ya sa nake son karatun. Giwayen nan ba haka kawai suke fitowa ba, hanya ce da su tun da daɗewa, daga gandun Waza wasu su yi arewa wajen gandun Kalamaluwe kusa da Kuseri wasu su yi kudu wajen ku, ruwa da ciyawa suke bi. Yanzu hanyar duk ta zama gonaki. Ko a 2023 ai har cikin Marwa suka shigo kowa ya gani a waya. In ba wanda ya san lokacin tafiyarsu da inda suke bi, wa zai sanar da ku tun kafin su iso?

Manomin Kaele: Sanarwa ba ta cika rumbu ɗana.

Tsohon Ekogad: Salam. Na daɗe ina karanta zauren nan ban cika magana ba amma yau dole in sa baki don gadin gandun daji, wato ekogad, shi ne aikin da na ci gashin kaina a ciki har na yi ritaya. Da farko Manomin Kaele gaskiya ya faɗa, kada wanda ya raina maganarsa. Duk mai son kare namun daji da bai iya zama ya saurari irin wannan kukan ba gara ya nemi wani aikin.

Ɗana bari in faɗa maka yadda aikin yake don kar ka shigo da tunanin abin da kake gani a telebijin. Kwana da kwanaki zaka yi kana tafiya a ƙasa baka ga zaki ba, abin da zaka gani sawu ne da kashi da ƙasusuwa, kuma su ne littafinka. Ana ja layi a taswira a ce ku bi shi miƙe, ko ƙaya ko kwazazzabo ba kaucewa, mutum ɗaya riƙe da GPS, na'urar nuna inda kake, ɗaya da takarda, duk gwanki ko kanki ko ɓauna da kuka hanga a rubuta nawa ne, tazarar nawa, mata nawa 'ya'ya nawa. Kashin giwa ma ƙirga shi ake, a duba ɗanye ne ko ya bushe, daga nan ake lissafa yawansu. A Waza kuma lokacin bazara wajen Maris da Afrilu in tafkuna sun ƙafe saura kaɗan, a bakin ruwa ake zama tun asuba ana ƙirga duk abin da ya zo sha, zafi kamar me, ruwan gorarka ya yi zafi ka sha haka. Yanzu kuma an samu kyamarori da ake ɗaurewa a jikin itace su ɗau hoton duk abin da ya gifta da dare, sai ku masu kwamfuta ku zauna ku tace hotuna dubbai.

Amma wannan duk shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne mutane. Gandun Binuwai da Faro da Buba Njidda duk abu ɗaya ke damunsu, shanu masu shigowa da rani, masu haƙar zinariya a bakin kogi, masu gawayi, da manoma da suka taso daga can arewa neman ƙasar auduga da masara. Ba wanda ya zo don mugunta a cikinsu, yunwa ce da ƙarancin fili. Toh wa zai yi magana da su? Sau da yawa a turo yaro mai digiri daga kudu, yaron kirki mai ƙoƙari, amma ba Fulatanci ba Hausa, bai san yadda ake gaida arɗo ba, bai san ba a tambayar Bafulatani yawan shanunsa ba. Ya zo da takarda da Faransanci, su kuma su gan shi a matsayin mai tara kawai. Kai kuwa ka tashi a kasuwar shanu. Abin da mahaifinka yake gani matsala ni shi nake gani jarinka.

Kawu Direba: Malam duk da haka baka faɗi haɗarin ba. Ka faɗa masa abin da ya faru a Buba Njidda

Tsohon Ekogad: Zan faɗa, ba abin ɓoyewa bane. Farkon 2012 mahaya dawaki ɗauke da manyan bindigogi suka ƙetaro daga wajen Sudan suka shiga Buba Njidda suka yi makonni suna kashe giwaye, ɗaruruwa suka kashe, su sare fuska su cire haure su bar gawa, har ƙanana ba su bari ba. Sai da aka tura soja. Masu gadin da ke wurin ba su da yawa kuma makamansu ba su kai ba. Waza kuma tun da aka sace iyalin Faransawan nan a Fabrairun 2013 bayan sun fito daga kallon gandun, baƙi suka ɗauke ƙafa, masu jagora da masu otel da masu sayar da kayan hannu a Marwa duk suka shiga wani hali. Hajiya kin ce karatun Turawa ne, ki tambayi masu dukanci da masu saƙa na kasuwar sana'a ta Marwa me suka rasa da baƙin suka daina zuwa.

Hajiya Mai Atamfa: Wannan kam gaskiya ne Baba, ina da ƙawa da mijinta ke ɗinka jakunkunan fata, sana'ar ta ja baya sosai

'Yar Njamena: Sannunku 'yan uwa na Kamaru, ku ba ni dama in kawo na wajenmu. Gandun Zakuma a Salamat kusa da Am Timan, tun 1963 aka kafa shi. Wajen 2002 giwayen wurin sun haura 4,000, zuwa 2010 saura kamar 450, duk haure ya cinye su, har giwayen suka daina haihuwa saboda firgici, kullum a dunƙule suna gudu. A 2010 gwamnati ta ba ƙungiyar African Parks riƙon wurin. Aka sa wa wasu giwaye abin wuya mai nuna inda suke, aka horar da masu gadi, aka raba rediyo a ƙauyuka yadda in mutane sun ga baƙin mahaya zasu kira, kuma kiran nan yana kare ƙauyen ma ba giwa kaɗai ba don masu kashe giwa su ne masu kwashe dukiyar mutane. Yau giwayen sun koma haihuwa sun haura 500, kuma kaso babba na irin raƙumin dawan nan namu da ya rage a duniya a Zakuma yake. Ba a samu haka a banza ba, a Satumban 2012 an kashe masu gadi 6 a Heban suna sallar asuba, Allah ya jiƙansu. Musulmi ne 'yan ƙasa masu iyali irin mu, toh ni in na ji an ce aikin Turawa ne raina yana ɓaci gaskia, su waye suka mutu a kai?

Ga kuma farin gwankin sahara mai dogayen ƙaho da ya ƙare ƙaf a daji, a 2016 aka fara dawo da shi daga Abu Dhabi zuwa Wadi Rime Wadi Ashim, yanzu suna haihuwa a sake a tsakiyar makiyaya da raƙumansu, har a 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Masu bin su kullum a mota da babur suna rubuta wace ta haihu wace ta mutu yaran Chadi ne. Ƙanena ka yi karatunka.

Kawu Direba: Amin Allah ya jiƙansu. Amma kin ga ai maganata ce ta fito, mutuwa ake

'Yar Njamena: Kawu kai da kake hanyar Ngaundere zuwa Garwa kullum, gangaren dutsen nan ba a mutuwa a kai? kuma baka bar tuƙi ba

Kawu Direba: Hakane 'yata. Kuma in faɗi gaskiya hanyar nan da ta bi gefen gandun Binuwai da can in ka taso da sassafe sai ka rage gudu saboda dabbobi na tsallakawa, yanzu in ka cire gwaggon biri da ke zama bakin kwalta ba ka ganin komai sai buhunan gawayi a jere da sababbin ƙauyuka. Abin yana damuna nima, kawai dai ba na son yaron mutane ya sha wuya

Sarkin Fawa Ƙarami: Ni mahauci ne ban yi boko mai nisa ba amma ina da tambaya ga ɗalibin. Ina ungulaye suka tafi? Da muna yara a mahauta sai ka kore su da sanda, kana fiɗa suna tsaye a bayanka suna jira ka jefar da hanji, rufin kwano baƙi ƙirin da su. Yanzu wlh sai a yi yanka a gama a wanke ba ka ga ko ɗaya ba, abin da muka zubar sai ya kwana yana wari karnuka na ja

Ɗalibin Dang: Yaya wannan tambayar taka ita ce irin binciken da nake son yi ma. Abu biyu ne manya. Na ɗaya guba, in zaki ko kura ta kashe saniya wani sai ya zuba maganin ƙwari na gona a mushen don ya rama, kura ta ci ta mutu, ungulaye su sauka da yawa su ci su mutu gaba ɗaya a wuri ɗaya. Na biyu masu sayen kai da ƙafafun ungulu don haɗa magani, ana kai su kasuwanni har ƙetaren iyaka. Ita kuma ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara, in aka kashe manya ba mai maye gurbi da wuri. Tun 2015 aka sa irin ungulun mahautar nan a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Kuma aikin da take mana kyauta ne, ta cinye mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta.

Sarkin Fawa Ƙarami: Allahu akbar. Toh ashe mu ma abin ya shafe mu

Malam Na Bakin Kasuwa: Ina so in gyara wani abu kaɗan game da cewa wannan al'adar wasu ce. A Suratul An'am aya ta 38 Allah ya gaya mana dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummomi ne kamar mu. Kuma keɓe fili a hana kiwo a cikinsa don maslahar jama'a Musulunci ya san shi, hima ake ce masa, Manzon Allah SAW ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Amma ku lura Sayyidina Umar ya umarci mai gadin wurin ya sassauta wa mai 'yan raƙuma kaɗan da 'yan tumaki kaɗan. Wato karewa da tausayin talaka tare suke tafiya. Sai dai ɗana, yardar mahaifi ba abin wasa bace, kar ka tafi sai ka shawo kansa da ladabi.

Jikan Arɗo: Malam Allah ya saka. Ni daga gidan kiwo na fito kuma zan faɗi abin da ke ran Baban yaron nan don na san shi. An taɓa kama shanun yayana a gefen wani gandu, ba alama ba shinge ba wanda ya taɓa nuna masa nan ne iyaka, aka tsare su sai da ya sayar da bijimai ya biya kuɗi, takardar shaida ma ba a ba shi ba. Burtalin da kakanninmu ke bi an nome shi, mashaya an zagaye ta da gonaki, gefe guda kuma yankunan farauta da aka ba masu kawo baƙi 'yan harbi haya. Saniya zata tashi sama ne? In ana so mu daina shiga gandu a buɗe mana burtali a haƙa mana rijiyoyi a waje. Ba mu ƙi zaki ya rayu ba amma mu ma muna so mu rayu.

Tsohon Ekogad: Ban musa ba, akwai ɓata gari a cikin masu kaki kamar kowane aiki, kuma su suka ɓata mana suna. Maganar ruwa da ka kawo ita ce gindin abin. Ku dubi Waza, a 1979 aka gina dam ɗin Maga don noman shinkafa, ruwan kogin Logon da ke malala cikin fadamar da ake kira yayre duk shekara ya ragu, ciyawa mai ɗorewa ta mutu, kifi ya ragu, makiyaya suka rasa wurin rani, mariya da ke cika fadamar ta ragu ƙwarai, giwaye suka ƙara fita nesa neman abinci. Kun ga abu ɗaya ya taɓa masunci da makiyayi da manomin Kaele da namun daji a tare. Da masu bincike suka nuna haka aka buɗe wani rafi a 1994 ruwa ya koma wani ɓangare, ciyawa ta dawo shanu suka dawo tsuntsaye suka dawo. Wannan ba bindiga ta yi shi ba, ilimi ne, mutane ne suka yi shekaru suna auna ruwa suna ƙirga ciyawa da dabbobi. Irin aikin da nake so yaron nan ya yi kenan. Karkandarmu ta arewacin Kamaru ita ce ta ƙarshe a irinta a duniya, aka bincika a 2006 ba a samu ko ɗaya ba, a 2011 aka sanar ta ƙare. Jikokina sai dai a hoto. Ba na so a yi haka da zakin Waza da babban gwankin nan na Binuwai da Faro.

Anti Injiniya: Ƙanena bari in ba ka na aiki tunda ni ta jami'ar Dschang na bi, fannin gandun daji. Makarantar Garwa tun 1970 take, ɗalibai daga ƙasashen Afirka fiye da 20 sun bi ta cikinta, takwararta ta masu Ingilishi ita ce Mweka a Tanzaniya. Horonta na aikin fili ne sosai kuma da yawan ɗalibanta ma'aikata ne da ƙasashensu suka turo, don haka tunda gida ne ka je da ƙafarka ka tambayi sharuɗɗan shiga na bana. In aikin gwamnati kake so a ma'aikatar gandun daji akwai makarantar gandun daji ta Mbalmayo akwai Dschang duk ta konkur. In bincike kake so ka yi masta, kuma ba kaki a wannan hanyar, ba kama shanun kowa, wannan ma ka faɗa wa Baba. Abu uku ka dage a kai tun yanzu, lissafin ƙididdiga, zana taswira a kwamfuta irin su QGIS, da Ingilishi don yawancin tallafin karatu da rubuce rubucen da shi ake. Kuma kar in ruɗe ka, guraben aiki ba su da yawa, sau da yawa kwangila ce ta shekara biyu ko uku in kuɗin aikin ya ƙare a sake nema, akwai watannin da zaka zauna ba komai. Wanda ya yi istaj, wato zaman koyon aiki, aka san fuskarsa a fili shi ake fara kira. Ka rubuta takardar neman istaj wajen shugaban gandu tun kafin hutu.

Hajiya Mai Atamfa: Anti ke mace kika shiga dajin? da aure da yara?

Anti Injiniya: Da su Hajiya. Ba kullum ake daji ba, rani ne lokacin fita, damina hanyoyi sun yanke ana ofis ana rubutu. Kuma in aka je ruga ni nake shiga wajen mata, su suka san inda ake itace da ruwa da ganyen magani, namiji baƙo ba zai ji wannan ba

Ɗalibin Dang: Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya bar zumunci. Abin da zan yi in na je gida hutu zan samu Baba tare da ƙaninsa da yake jin maganarsa in yi masa bayanin hanyar masta, in roƙe shi ya haɗa ni da arɗon da yake hulɗa da su don binciken nawa a kan shanu da guba da ungulu nake son ya zama, su zan fara tambaya. Konkur na koyarwar ma zan ajiye dosiye, wato takardun nema, kamar yadda ya ce don ya san ban watsar da maganarsa ba. Baba Manomin Kaele, akwai dabarar da ake gwadawa a wasu wurare, a kwaɓa barkono mai zafi da kashin shanu a busar a ƙona a gefen gona ta inda iska ke kaɗawa, wasu kuma amya suke ratayewa a kewaye don giwa na gudun zuma. Ba ya hana duka amma yana ragewa.

Manomin Kaele: Barkonon an taɓa kawo mana, garke ƙarami yana kaucewa, in suna da yawa kuma iska ta juya sai dai ka tsira da ranka. Amyar ce ba mu gwada ba, karal ba itatuwa sai an kafa sanduna kuma zuma na son ruwa kusa. Ni dai har yanzu ina kan bakata sai an biya mu asararmu. Amma in ka fara binciken ka zo wajenmu lokacin da masakwa ke nuna ka kwana a gona tare da mu, ka rubuta abin da idonka ya gani ka kai musu.

Jikan Arɗo: In zaka ruga kar ka je da kaki ko takalmin soja, ka sa riga irin ta gida ka riƙe goro da shayi da sukari, kuma ranar farko kar ka fito da takarda. Ka min magana ta inbos in ba ka lambar wanda zai raka ka wajen Poli

Kawu Direba: In takardar istaj ta fito ka faɗa min ranar, ina tashi daga tashar Ngaundere bayan sallar asuba, zan sauke ka a mararrabar shiga gandun